Inci Biyu a Goshin A-kori-kura

Idan ka samu a-kori-kura da ba ta ɗauke da komai, ka tsaya daga gefenta ka ɗan ja da baya, za ka ga ba a miƙe take ba. Goshinta a sunkuye yake, ƙugunta a ɗage, kamar raƙumin da ya fara tashi da ƙafafun baya bai kai ga ɗago na gaba ba. Haka Hilux take, haka Navara, haka L200. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba, ba ta cika wuce inci biyu zuwa uku ba, amma idon da ya lura da ita sau ɗaya ba ya daina ganinta.

Wannan 'yar tazarar ce ta kawo wani saurayi garejin da nake kai motata a Kano, wata ranar Asabar da hantsi. Ya zo da farar Hilux ta mahaifinsa, ya fito yana kaɗa makulli, ya miƙa wa maigarejin waya. Hoton wata mota ce daga Amurka, gaba da baya daidai wa daida, tayoyinta ƙoti-ƙoti sun leƙo waje.

"Baba, irin wannan nake so a mayar da ita."

Dattijon ya daɗe yana kallon hoton. Mutum ne da furfura ta cinye masa gemu a ƙarƙashin mota, kuma ba shi da yawan magana. Ya mayar da wayar, ya ce da ɗaya daga cikin yaransa ya kawo tef ɗin awo da alli.

"Samari, me take ɗauka?"

"Ba komai, Baba. Sai dai da kaka Alhaji kan aika a kwaso masara daga gona."

"Buhu nawa?"

"Takwas. Wani lokacin goma."

"To, ai ka ga ba ba-komai ba ne."

Ya sa aka matsar da motar kan daɓen siminti inda ƙasa ta fi lebur. Ya durƙusa gaban kowace taya, ya ɗora bakin tef a tsakiyar cibiyar wili, ya ja shi sama zuwa leɓen madigadi, ya rubuta abin da ya samu da alli a ƙasa. Na tambaye shi me ya hana ya auna daga ƙasa, tunda ya fi sauƙi. Ya ce taya maƙaryaciya ce: wata iskarta ta ragu, wata ta cinye, duk sai su shiga cikin lissafi. Daga cibiya zuwa madigadi kuwa, sifirin kaɗai ke magana. Da ya gama kusurwa huɗu, sai ga ɓangaren direba ya fi ɗayan zama da 'yan milimita, abin da shekaru na ɗaukar mutum ɗaya a kujera ɗaya ke jawowa. Bai taɓa sifana ba tukuna, amma ya riga ya san gyaran da zai yi a hagu ba zai zama daidai da na dama ba.

Sunkuyon nan ba kuskuren kamfani ba ne. Sifirin ɗin baya falle-falle ne, an yi shi da tauri da tsayi don ya karɓi kaya kusan tan guda. Ka loda buhu goma masu kilo ɗari-ɗari, ƙugun zai zauna, motar ta miƙe sak. Wato an ƙera ta ne ta daidaita lokacin da take bakin aiki, ba lokacin da take hutawa a ƙofar gida ba. Wanda ya ɗaga gaban har ya yi kai ɗaya da bayan, ya ci bashi ne, kuma ranar lodi ake biya. Ranar nan goshi zai kalli sama, ƙugu ya dangana da ƙasa, sitiyari ya yi sako-sako a hannu, fitila kuma ta bar kwalta ta koma haska rassan darbejiya da idon duk wanda ke tahowa.

Yayin ya samo asali ne daga inda hoton saurayin ya fito. A Amurka a-kori-kura motar gida ce, da ita ake kai yara makaranta, da ita ake zuwa cefane. Motocin Ford samfurin F sun riƙe kambun a-kori-kurar da aka fi saye a ƙasar tun 1977. Mutumin da bayan motarsa ke yini fayau ba shi da wata buƙata da ɗagaggen ƙugu, don haka a can kayan daidaita gaba da baya a kwali ake sayar da su, kowace mota da nata, mai gida ya ɗaura da kansa ranar hutu. Wasu samarin ma sun zarce: suka riƙa ɗaga gaba sosai suna sauke baya, suna kwaikwayon motocin tseren hamadar Baja, har direba ba ya iya ganin abin da ke dab da goshin motarsa. Abin ya kai jihar Karolina ta Arewa ta kafa doka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Disamba 2021, ta haramta motar da madigadinta na gaba ya fi na baya tsayi da inci huɗu ko fiye. Jihar Bajiniya ta bi sahu a 2022. Mu nan a-kori-kurarmu jaka ce, ba dokin sukuwa ba. Tana zuwa kasuwar Dawanau, tana shiga burji, tana ƙetare rafi da damina. Bakaniken da zai ɗauko dabarar can ya kawo nan, sai ya san abin da zai rage mata.

Ana ɗaga gaban ne ta hanya biyu, gwargwadon ƙirar motar. Tsofaffin Hilux da yawa, waɗanda suka fito kafin 2005, ba su da murɗaɗɗen sifirin a gaba. Abin da ke riƙe da su wata doguwar sandar ƙarfe ce da ke kwance a jikin cesis, kowane gefe da tasa, tana murɗuwa idan taya ta hau tudu, ta warware idan ta sauka. A ƙarshen sandar akwai noti. Ka ɗaure shi, gaban mota ya tashi. Ba sai ka sayi komai ba, kuma wannan sauƙin shi ne tarkon.

Ni kaina na faɗa cikinsa. Shekarun baya ina da wata tsohuwar a-kori-kura, na kai ta wani gareji na ce a ɗaga mini gabanta. Yaron da ya yi aikin ya ɗaure notin nan har sai da zaren ya ƙare, na biya, na tafi ina jin daɗi. Ban kai ƙarshen layi ba na ji kamar a amalanke nake. Kowane ɗan rami sai na ji ƙwal a ƙarƙashina. Na ɗauka sandar ce ta yi tauri. Daga baya wannan dattijon ya nuna mini ba haka ba ne, taurin sandar na nan yadda yake. Taya tana da iyakar tafiya sama da iyakar tafiya ƙasa, kuma kamfani ya ajiye ta a tsakiya don ta sami wurin motsi ta kowane ɓangare. Yaron ya tura ta ƙasa har ta jingina da robar da ke tare ta, ba ta da sauran inda za ta sauka. Da ta haɗu da rami, maimakon ita ta faɗa, sai duk goshin motar ya bi ta. Kafin wata huɗu tayoyin gaba biyu sun cinye ta gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma kamar jiya aka saye su. Garin neman gira na rasa ido.

Motar saurayin nan daga cikin na baya-bayan nan ce, irin da suka fara fitowa a 2004, waɗanda kanikawa ke kira Vigo, da ƙannensu na 2015. Su a gaba murɗaɗɗen sifirin gare su, ya naɗe shokozoba a cikinsa. Hanya mafi araha ita ce a ɗora wani zoben ƙarfe a saman wannan haɗin, tsakaninsa da cesis, tamkar gammon da ake sa wa tulu. A nan ne akwai wani ɗan lissafi da ke raba gwani da ɗan koyo. Shokozoba ba a bakin taya yake tsaye ba, a wajen tsakiyar hannun ƙarfen da ke riƙe da tayar yake. Ka tura ƙofa daga tsakiyarta, bakin ƙofar zai yi tafiyar da ta ninka ta hannunka. Haka gammon yake: mai kaurin milimita 25 zai ɗaga motar kusan ninki biyun haka. Wanda bai san wannan ba, yana son inci biyu, sai ya je kasuwa ya sayo gammo mai kaurin inci biyu, ya wayi gari da kusan huɗu.

Inci huɗu kuwa gaban irin wannan mota ba ya ɗauka ta wannan hanyar. Akwai shaf guda biyu da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba, kowanne da gwiwarsa a cikin roba mai cike da giris. An yi su ne su yi aiki kusan a kwance. Duk yadda ka ƙara ɗaga motar, haka suke ƙara karkata, robar ta riƙa gugar kanta har ta tsage, giris ya fice, yashi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas idan ka sha kwana. Ga kuma bol-join na hannun sama, wato hannun ƙarfen da ke riƙe da tayar daga sama. Bol-join ɗin nan yana nan ne kamar ƙashin kafaɗa a cikin ƙoƙonsa. Yana da iyakar juyawa. Idan aka kai shi ƙarshe aka bar shi can, kowane rami duka ne a wuyansa, kuma ranar da ya tsinke tayar kwanciya take yi a ƙarƙashin mota, ko da ana cikin gudu. Shi ya sa masu wannan sana'a da yawa suke tsayawa a wajejen inci biyu. Wanda ke son wuce nan, sai ya sauya hannun sama da wani da aka ƙera don haka, ya sa sifirin da shokozoba masu tsayi, ya shirya kashe kuɗi na gaske.

Dattijon ya duba lambobinsa na alli, ya ce zai ɗaga gaban da abin da bai kai inci ɗaya da rabi ba, ya bar wa ƙugun ragowar fifikonsa saboda masarar Alhaji. Saurayin ya ɓata rai, ya ce ai ba za ta yi lebur ba ke nan.

"Idan ta yi lebur yau, da kaka za ka dawo kana cewa na lalata muku mota."

Na tsaya na kalli aikin. An ɗaga motar da jak, amma babu wanda ya shiga ƙarƙashinta sai da aka kafa mata ƙafafun ƙarfe a cesis aka danne tayoyin baya da dutse. Shokozoban hagu ya riga ya fara zubar da mai, don haka sai an raba shi da sifirin. A nan dattijon ya kori yaran gefe. Murɗaɗɗen sifirin na a-kori-kura, idan aka matse shi, yana riƙe da ƙarfin da zai iya fasa kan mutum. Da kansa ya ɗaura maƙatan matsewa biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, yana ɗaure wannan zagaye uku ya koma wancan zagaye uku, fuskarsa a kauce daga saitin bakin sifirin har ya gama. Wani abu kuma da na ga ya yi, wanda da ba a faɗa mini ba ba zan lura ba: notocin da ke riƙe da bushin na roba bai ƙarasa ɗaure su ba sai da aka sauke motar ta tsaya da nauyinta. Idan aka ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ta yage kafin shekara.

Sai batun taya, inda aka fi tafka kuskure, domin mutane na haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: babban rim da babbar taya. Rim mai inci 20 yana ƙyalli, yana ɗaukar ido a wurin biki. Amma idan tsayin tayar gaba ɗaya bai sauya ba, duk incin da rim ya ƙara daga jikin roba aka cire shi. Wannan robar ta gefe, da iskar da ke cikinta, su ne katifar farko tsakanin mota da hanya. A kan titinmu mai ramuka masu kaifin baki, siririyar roba tana nufin rim ya lanƙwashe ko taya ta yi ƙulu a gefe. Wanda ya san hanya ƙaramin rim yake nema da roba mai kauri, 16 ko 17, muddin rim ɗin zai rufe birki ba tare da ya taɓa shi ba.

Lambobin da ke jikin taya ba ado ba ne, kuma dattijon yana karanta su kamar yadda ɗan kasuwa ke karanta sikeli. Tayar da ke kan motar 265/65R17 ce. Faɗinta milimita 265, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗin, wato milimita 172, rim kuma inci 17, wato milimita 432. Ka haɗa gefe biyu da rim, tsayin tayar ya kama milimita 776. Wadda saurayin ke so, 285/70R17, da wannan lissafin ta kai 831. Bambancin milimita 55 ne, kusan kashi 7 cikin ɗari. Amma rabin wannan ne kawai ke ƙarƙashin cibiya, don haka motar za ta ƙara nisa da ƙasa da milimita 27 ne kacal.

Kada a raina milimita 27 ɗin nan. A tsakiyar aksil ɗin baya akwai wani tulun ƙarfe da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyi biyu, shi ne abin da ya fi kusa da ƙasa a bayan motar, shi ke fara dukan dutse, shi ke kafewa a kan kunyar da manyan motoci suka bari a hanyar taɓo. Ka ɗaga jikin mota yadda ka ga dama, tulun nan yana nan inda yake, domin a kan tayoyi yake zaune ba a kan sifirin ba. Taya kaɗai ke ɗaga shi. Ashe ke nan ɗaga mota ba shi ne manufa ba ga mai shiga daji, share wa babbar taya wuri ne kawai.

Babbar taya kuma da kuɗinta take zuwa, ban da na saye. Kowane zagayenta ya fi na tsohuwar nisa da kashi 7, amma maleji bai sani ba, yana ƙirga zagaye ne. Inda a da yake faɗar gaskiya, yanzu idan ya nuna 100 kana kan 107, kuma kilomitocin da kake dogara da su wajen juyen mai su ma sun ragu a rubuce. Ƙarfin da inji ke kaiwa ƙasa ya ragu da kusan wannan kason, kamar ka ɗan ƙara wa kowace giya tsayi, sai ka ji motar ta yi nauyin tashi a kan tudu da kaya. Birki ma haka, faifansa bai ƙaru ba amma abin da zai tsayar ya ƙara tsayi da nauyi, don irin waɗannan tayoyi masu kaurin jiki kan fi na asali da kilo shida ko fiye kowace ɗaya. Mai kuwa, a wannan zamani, ba sai na ce komai ba. Ga safaya: dole ita ma ta zama girman sauran, musamman a mota mai jan ƙafa huɗu, kuma ba lallai ta shiga gurbinta na ƙarƙashin bodi ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ya tabbatar wa saurayin da maganarsa ba tare da gardama ba. Ya aika aka aro taya ɗaya 285 daga wani mai faci da ke bakin hanya, aka ɗaura ta a gaba. Motar na tsaye, ta shiga tsaf, har da sauran fili a sama. Saurayin ya yi murmushi. Dattijon ya ɗauki alli ya goga a cikin madigadi, a jikin robar da ke rufe ciki, da kan wani kunnen ƙarfe da ke bayan tayar inda bodi ke zaune a kan cesis. Ya shiga, ya murza sitiyari har ƙarshe, ya yi baya a hankali ya hau wani bulo da ƙafa ɗaya. Muka ji gurrr. Da ya sauko, sai ga farin alli a kafaɗar tayar, kunnen ƙarfen nan kuma an share masa nasa tas.

"Wannan a cikin gareji ke nan, ba kaya, ba gudu," in ji shi. "Don ta zauna sai na yanka ƙarfen nan na yi masa walda. Ina iyawa. Amma motar Alhaji ce, sai ya zo ya faɗa mini da bakinsa."

Taya ba sama da ƙasa kawai take motsi ba, tana kuma shatar da'ira idan an juya sitiyari, kuma faɗin wannan da'irar ya dogara da inda rim ya zauna. Kowane rim yana da awon da ke nuna ko zai shige ciki ko zai fito waje, a rubuce a bayansa. Idan ya shige da yawa, taya ta gogi hannun sama ko tiyon birki. Idan ya fito da yawa, irin na hoton, da'irar ta faɗaɗa ta kama madigadi, nauyi ya koma gefen boris ya riƙa cinye shi, sitiyari ya riƙa fizgar hannu a kan gargada, taɓo kuma ya yi wa ƙofofi fenti. Ramukan noti ma sai sun dace: Hilux mai jan ƙafa huɗu shida gare ta, a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7, kuma rim ɗin da ya kusa dacewa bai dace ba.

Aka tsaya a kan 265/70R17, mai tsayin milimita 803. Kafin a biya kuɗi ya juya kowace ɗaya ya nemo lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, domin kasuwa cike take da tayoyin da suka tsufa a sito ko suka gama aiki a wata ƙasa aka wanke su da baƙin mai. Ya duba lambar nauyi kuma. Taya mai lamba 112 kilo 1,120 take ɗauka, kuma ya ce ko kyauta aka ba shi ba zai sa wa motar lodi wadda ta gaza abin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa ba.

In ana maganar ƙwarewa a wannan fanni, mutanen Aislan ne suka kai ta maƙura. Ƙasa ce ta ƙanƙara da duwatsun aman wuta, kuma a can ne kamfanin Arctic Trucks ya faro a 1990, a ƙarƙashin dillalin Toyota na ƙasar. Suna sa wa Hilux tayoyi masu tsayin inci 35, 38, har 44. Irin motocinsu masu inci 38 ne 'yan shirin Top Gear na BBC suka tuƙa a kan daskararren teku a 2007, zuwa can ƙuryar arewacin Kanada. Abin lura a aikinsu shi ne ba sa ɗaga motar sama kamar rumbu don taya ta samu wuri. Sukan ɗaga kaɗan, sannan su yanke bakin madigadi su faɗaɗa shi, su sauya haƙoran cikin tulun aksil don inji ya dawo da ƙarfin da babbar taya ta cinye. Sun gwammace su yanka bodi da su ɗaga nauyi sama, kuma suna da hujja. A 2016 mujallar motoci ta Teknikens Värld a Suwidin ta gwada sabuwar Hilux da ba a taɓa komai a jikinta ba, a gwajin kauce wa dabba a hanya, da gudun kilomita 60 a awa, sai motar ta ɗage ƙafa biyu ta kusa kifewa. Mota ce da tun asali take da tsayi. Duk incin da aka ƙara mata, an ƙara mata saurin jirkicewa ne ranar da akuya ta faɗo titi.

Babbar taya a Aislan ba don tsayi kawai ake sa ta ba. Idan suka hau dusar ƙanƙara sukan sace iskar har ta kusa ƙarewa, tayar ta baje a ƙasa kamar tafin raƙumi, motar ta riƙa tafiya a sama maimakon ta nutse. Direbobin da ke tashi daga Agadas su ratsa Tenere zuwa Dirku ba su buƙatar a fassara musu wannan. Su ma da sun bar ƙasa mai tauri sun shiga rairayi sukan tsaya su rage iska, in sun fito su mayar. Sawun tayar tsawo yake ƙarawa fiye da faɗi, shi ya sa doguwar taya siririya mai kaurin gefe, irin 7.50R16 da aka daɗe ana sa wa Land Cruiser, ta yi suna a Sahara. Taya mai siririyar roba a kan rim 20 ba ta da abin da za ta baje.

La'asar ta yi kafin a dawo da motar saurayin daga wurin alayimen. Wannan ba zaɓi ba ne, domin ɗaga gaba yana sauya tsayuwar tayoyi ta fuska uku: yadda suke jingina ciki ko waje, yadda bakinsu ke kallon juna, da kuma wani karkata irin na cokalin keke, wanda shi ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. Na ukun nan shi ɗagawa ke ragewa, kuma shi ne masu gaggawa ke mantawa, sai mota ta riƙa yawo a kan titi direba yana ta kamo ta. Dattijon bai yarda da takardar da injin alayimen ya buga ba sai da ya fita da motar, ya sha kwana, ya sassauta hannu ya ga sitiyarin ya komo.

Da ya dawo ya bi notocin wili ɗaya bayan ɗaya, ba a jere ba, yana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa, da sifana mai awo wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai. Yaran gareji sun fi son su hau kan sifana da ƙafa su yi tsalle. Ya ce wanda ya ɗaure noti haka, ya bar wa mai mota wahala ranar da faci ya same shi a daji, in ma kusar ba ta tsinke ba.

Sannan ya kira duk wanda ke garejin, yaransa shida, mai shayi, da almajirai biyu da ke wucewa, ya ce su hau baya. Ni ma ya yafito ni. Muka cika bodin muna dariya, ƙugun motar ya zauna. Ya zagaya da tef ɗinsa, ya auna gaba, ya auna baya, ya ja da baya ya kalle ta daga gefe.

"Samari, zo ka gani. Ga lebur ɗin da kake nema."

Saura fitila. Tun da safe, kafin a taɓa komai, ya sa an fuskantar da motar ga katangar gareji daga wani layi da ya shata a ƙasa, an kunna fitilu, ya ja alli a inda hasken ya yanke. Yanzu da magariba ta kawo kai aka mayar da ita kan layin. Hasken ya haura zanen da kusan tafin hannu. Ya buɗe bonet, ya sa sukundireba a bayan fitilar hagu, yana murzawa a hankali, hasken yana saukowa a jikin katanga.

"Oga, ya kai," in ji yaron da ke tsaye wurin zanen.

"Saura kaɗan."

Ya ƙara rabin zagaye, ya koma ta dama. Da ya rufe bonet ya miƙa makullin, ya ce idan motar ta yi kilomita ɗari a dawo da ita a sake bin notocin wili, kuma a gaya wa Alhaji malejinsa yanzu yana rage uku cikin ɗari. Ana kiran salla a masallacin bayan gareji. Ya sa ƙafa ya goge lambobin allin da ke kan daɓe, ya ɗauki butarsa.